Inda Ruwan Ya Ɓullo

Ranar Asabar na ɗauko Baba a adaidaita sahu.
Ya zauna a gefe, hannunsa bisa gwiwata,
yana kirana da sunan ƙanwarsa Lantana,
wadda ta rasu tun ba a haife ni ba.
Na amsa.
Shekara biyu ke nan ina amsawa.

Muka bi ta Gwammaja, muka ratsa cunkoson Ƙofar Ruwa,
har wani fili da aka kewaye da waya,
aka hana sara, aka hana wanki, aka hana harbin tsuntsu.
Wani yaro, Ɗanliti, ya yago mini tikiti,
ya ce tsoho ba ya biya.

Ciki kuwa sai ka rantse ba Kano ba ce.
Giginya uku, tsamiya ɗaya mai rassa har ƙasa,
balbela a tsaye da ƙafa guda kamar mai jiran biyan bashi.
Na cire takalmi,
sanyin ƙasa ya hau ta tafin ƙafata.

Can gindin wani dutse mai gansakuka ruwan ke fitowa.
Ba ƙara, ba hanzari,
yashi kawai ke ɗan tsalle a ƙasansa
kamar tsaki a tukunyar da ta soma tafasa.
Allon da suka kafa ya ce rafi ne,
ya nutse can kudu da gari,
ya yi tafiyarsa a duhu, ya ɓullo nan.

Baba bai dubi allo ba.
Shekara arba'in ya yi yana haƙar rijiya,
Dala, Yakasai, lungunan Koki,
kafin injin burtsatse ya zo ya karɓe masa abinci.
A da yakan kwanta ya kara kunne a ƙasa,
yara na dariya,
ya tashi ya kaɗe riga ya ce: nan, gaba bakwai.
A gaba bakwai ɗin ake tarar da shi.

Ya saki hannuna.
Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara,
ya kamfato da tafi biyu, ya kurɓa,
ya riƙe a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
Ya ce: wannan ya bi ta ƙarƙashin marina,
ga ɗacin baba nan a ƙarshen harshe.
Ya bi ta majema. Ya bi ta ƙarƙashin Kurmi,
ya ji duk rantsuwar da ake yi a kansa, bai ce uffan ba.
Ya wuce gidan Alhaji Barau, inda igiya ta tsinke mini
shekarar da fara ta cinye gero.
Ya bi ta maƙabarta, ya gaida mutanenmu.

Ni da na kurɓa, ruwa kawai na ji, mai sanyi.

Sai ya juyo, gemunsa na ɗiga,
ya dube ni duba na sosai, irin na da,
ya ce: Hansatu, wa ya bar ki kika fito ba takalmi?
Uwarki za ta yi faɗa.

Sunana.
Shekara biyu yana tafiya a duhu,
ban san ta ƙarƙashin wace unguwa ya bi ba,
ga shi ya ɓullo, bai gurɓace ba.

Taku talatin rafin ke yi a sarari
ya sake shigewa ƙarƙashin kwalta.
Na ƙirga.
Kafin mu kai Gwammaja na koma Lantana.
Na amsa.

Da dare, bayan na shimfiɗa masa ya yi barci,
na kashe fitila, na durƙusa a gefen katifarsa,
na kara kunne a ƙirjinsa.
Yana nan, yana gudu.
Gaba nawa ne, ban sani ba.